Yarinyar da Ban Ƙirga Ba

Gidanmu na bayan Hubbare ɗaki biyar ne, ni kaɗai ce a ciki. Na rufe huɗu na bar wa ƙadangaru da gizo-gizo, su kuma ko gaishe ni ba sa yi. Mijina, wanda unguwa ke kira Malam Sodangi, ya rasu shekara huɗu da suka wuce, uwarsa ta riga shi da daɗewa. Ɗana Gazali yana Fatakwal yana walda, yakan kira ni a waya ran da ya tuna yana da uwa. Idan masu ziyarar Hubbaren suka ratsa lungunmu, nakan tsaya da shara in saurari hirarsu ta bayan katanga har su wuce. Rabona da mutane ke nan, sai kuma Juma'a.

Ranar Juma'a Hindu take zuwa daga Arkilla, inda take aure. Tun kafin ta yi sallama nake sanin ta iso. Mai keke zai tsaya a bakin lungu, sai in ji sandarta ta bugi ƙasa, sannan ƙarfen ƙafarta ta hagu ya biyo baya yana ja. Shan inna ce ta kama ta tana shekara huɗu. Yanzu tana da ashirin da ɗaya, ta fi ni baki, ta fi ni boko, ta kuma fi ni taurin kai, abin da ban zaci zai yiwu ba.

Ita ce 'yar farina. A zuciya nake kiran sunanta, don zuciya ba ta da surukai, amma da bakina ban taɓa furta shi ba. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita ma ba ta ce mini Inna, Adda take kirana, kamar wata yayarta. Haka aka tashe mu a Kwalkwalawa. Mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta 'ya'yanta ba ta sa shi a lissafi. Wadda ta yi haka an ce ta haifu. Ni kuwa na haifu har na yi yawa.

Juma'ar ƙarshe ta watan Agusta, shekarar da korona ta hana mutane musabaha, Hindu ta shigo fuskarta tana walƙiya. An yi ruwa da safe, tsakar gida duk taɓo, amma ko kallon ƙasa ba ta yi. Ta zauna a kujerar roba da nake ajiye mata, ta miƙe ƙafar a kan turmi.

"Adda, kin ji labari? An ce shan inna ta daji ta ƙare ga Afirka baki ɗai. Ran Talata anka hwaɗi."

"Na ji ga rediyo," na ce. "Allah shi sa ta tahi ke nan."

"Amin. Amma ɗigo ba a bari ba tukuna, sai an tabbata ba ta komo ba ta wata hanya."

Na zuba mata tuwon shinkafa da miyar sure. Tana ci tana yi mini karatu, kamar yadda ta saba: wai tun kafin a haife ni aka gano maganin, da farko allura ce, daga baya aka mayar da shi ɗigo biyu a baki, ƙasashe suka yi ta rabuwa da cutar ɗaya bayan ɗaya, mu muka zauna a baya kamar jakin da ya ga rafi. Aikinta ne, ta san shi. Shekara uku ke nan tana bin masu rigakafi gida-gida. Duk gidan da maigida ya ce ba a ɗiga wa 'ya'yansa komai, ita ake turawa. Sai ta tsaya a zaure, ta ɗaga bakin zanenta kaɗan a ga ƙarfen, ta ce ubanta ma haka ya ƙi, ga abin da ya saya mata. An ce ba a cika rufe mata ƙofa ba.

Ta ajiye cokali ta ce, "Ran Litinin za a sa ni ga rediyo. Sun ce in ba da labarina dut, tun daga hwarko. Da sunana da na Baba."

Na ce, "Ki ci tuwonki kada shi huce."

Dole in koma baya a nan, don abin da take shirin faɗa wa Sakkwato da Kabi da Zamfara ba haka ya faru ba, kuma a duk duniya ni kaɗai na rage da na sani.

Da aka yaye Hindu, sai aka kai ta wurin uwata a Kwalkwalawa, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Can ta yi wayo, tana bin kakarta fadama, ba wanda ya taɓa kai ta asibiti don ba ta taɓa ciwon kirki ba. Da uwata ta kwanta ciwon ajali aka dawo mini da ita, tana shekara uku da 'yan watanni, lokacin ina goyon Gazali. Na yi murna, wallahi na yi murna, amma a ciki. In ba kowa, nakan ja ta jikina in shinshina kanta. Da na ji motsin surukata, Hajiya Kulu, sai in ture ta in ce ta ba ni wuri.

A shekarun nan ne surutu ya cika gari a kan ɗigon. Wasu suka ce yana hana haihuwa, wasu suka ce ai abin da ake bi ka da shi kyauta har gida akwai lauje cikin naɗi. Malam bai yarda da wannan ba. Ya ce neman magani ba ya karo da tawakkali, ya faɗa wa almajiransa manya, ya faɗa a masallaci har wasu suka daina ba shi hannu. Duk ran da masu rigakafi suka zo, shi da kansa yake yi musu iso, ya koma zaure ya bar mata da mata.

Zuwan farko bayan dawowar Hindu, mata biyu ne da akwatin ƙanƙara. Hajiya Kulu tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Mai takardar ta dube ni ta ce, "Ɗiya nawa ag gare ki waɗanda ba su kai shekara biyar ba?"

Hindu tana ɗaki tana barci. Idon surukata yana kaina. Na sunkuyar da kai na ce, "Guda."

Aka ɗiga wa Gazali, ya yamutsa fuska, suka fita. Hajiya Kulu ta yi dariya ta ce ni Iyatu ɗiyar mutunci ce, ba irin matan yanzu ba masu rungumar ɗan fari a kasuwa. Ita a ganinta ɗigon na jarirai ne. Ni kuwa yabon ya yi mini daɗi, har na ƙara mata nama a miya ran nan.

Zuwa na biyu Hindu tana makarantar allo a maƙwabta, na sake cewa guda. Da abin ya tsaya nan, da na sami inda zan fake, in ce idon suruka ne. Amma akwai na uku. Ran nan Hajiya Kulu ta tafi suna, Malam yana zaure, ba kowa a cikin gida sai ni da yaran. Hindu tana bayan madafa tana yi wa 'yar tsanarta ta kara wanka, ina jin waƙarta sarai. Matar ta tambaye ni, baƙuwa ce, ba ta san ni ba, ba za ta sake ganina ba. Abin da ya rage kawai in ɗaga murya in kira yarinyar. Bakina ya saba, sai ya faɗi abin da ya saba. Na ce a raina ai ta girma, yarinyar da ke tsere da awaki me ɗigo biyu zai ƙara mata.

Wata biyu bayan nan, cikin damina, zazzaɓi ya kama ta. Kwana uku ya sauka, muka ce an gode Allah. Da safe ta tashi za ta sauko daga tabarma ta biyo ni, sai ta kife. Ta sake tashi ta sake kifewa, tana dariya, ta zaci wasa ne. Na ɗaga ƙafar na saki, ta faɗi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Tsofaffi suka taru, aka kawo turare, aka kawo rubutu. Malam kuwa ya goya ta ya hau kekensa sai asibiti.

Bayan la'asar ya dawo. Ya kwantar da ita, ya same ni a madafa, wurin da bai saba shiga ba.

"Iyatu, likita ya tambaye ni sau nawa anka ɗiga ma yarinyag ga. Nic ce mishi uku, don sau uku ni buɗe musu ƙohwa. Hakanan na?"

Na duƙa ina iza wuta a murhu. Ya sake tambaya. Na ce, "Sun tambaye ni ɗiya nawa." Ban iya ƙarasawa ba, shi ma bai bukaci in ƙarasa ba, don uwarsa ma ba ta taɓa kiran sunan yayansa ba har ya mutu. Ya dafa bango ya yi salati. Na jira duka, ko saki, ko zagi, da kowanne ya zo da na ji sauƙi. Bai yi ko ɗaya ba.

Bayan kwana huɗu ma'aikatan lafiya suka zo da takardu, maza uku, suka zauna a zaure. Ina bayan ƙofa ina ji. Suka ce me ya sa ba a yi wa yarinyar rigakafi ba. Malam ya ce, "Gidana na, ni ka kiwon shi. Laihina na." Suka dubi gemunsa da tarin littattafansa, suka rubuta cewa maigida ya ƙi. A wancan lokacin wa zai yi musu? Har waɗanda suka daina ba shi hannu suka dawo suna cewa ashe Malam namu ne, a baki kawai yake yabon abin. Bai gyara wa kowa ba.

Na ce masa zan faɗi gaskiya. Ya ce, "Ke za ki yi mata wanka, ke za ki ɗauke ta ki aje. In tas san ke ta, hannun wa za ta kama? Ni in anka zage ni ga hanya, iska ka ɗauka. Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba." Na karɓi wannan magana hannu biyu, da saurin da har yau nake jin kunyarsa.

Shi ya zama ƙafarta. Shi yake kai ta makarantar boko a bayan keke, ya ɗauko ta. Shi ya yi ta zarya har aka ƙera mata ƙarfen farko, in robar sandarta ta cinye ya yanko tsohuwar taya ya gyara da kansa. Ta fi son sa da kowa, in ya yi tafiya ba ta cin abinci. Sai da ta kai shekara goma sha biyu wata mai bakin tsiya ta gaya mata a gidan biki cewa ai ubanta ne ya kori masu ɗigo. Ta dawo ta tambaye shi a gabana ko gaskiya ne. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Hindu." Ni kuwa ina tankaɗe, na ci gaba da tankaɗe.

Daga ran nan ba ta sake hawa kekensa ba. Ta gwammace ta ja ƙafa cikin rana har makaranta. Tana gaishe shi safe da yamma, ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, amma gaisuwa ce irin ta maƙwabcin da aka yi shari'a da shi. Ni ta dawo wa. Ni take kawo wa labarin makaranta, ni take bari in kama mata gwiwar hannu a matakalar zaure. Duk abin da aka ƙwace daga hannunsa ni aka ba, na kuma karɓa, ina jin daɗi ina jin tsoro.

Ran da zai rasu, a gadon asibiti, ya kamo hannunta ya ce ta yafe masa. Ta daɗe tana kallon bango, sannan ta ce, "Allah shi yahe muna baki ɗai." Kowa ya san wannan ba "na yafe" ba ne. Ya juyo ya dube ni, ba kallon tuhuma ba, kallon a bar maganar. Na bar ta. Ban taɓa yi masa biyayyar da ta fi wannan sauƙi ba.

To, ga ta yanzu a tsakar gidana, ta ture kwanon tuwo, ta fito da biro da 'yar takarda daga jaka.

"Adda, ke kina gida ran nan. Ina son in hwaɗi abin daidai. Mi Baba yac ce musu? Korar su yay yi, ko ɓoye ni yay yi?"

"Wanda yam mutu a bar shi shi kwanta."

"Na bar shi. Amma akwai masu rai da ka bin sawunai. In sunka ji malami kamatai ya yi kuskure, za su ji tsoro." Ta danna biro. "Ba zagi nai zan yi ba. Gaskiya ɗai zan hwaɗi."

Na tashi na ɗauki kwanon, na kai madafa, na tsaya can. Na san abin da ke kan sikeli. Mutum ɗaya ke taka gidan nan don ni. In na yi shiru, Juma'a mai zuwa zan ji sandarta a lungu, da wadda ke biye, har ran da za a fitar da ni. Sunan Malam kuwa zai shiga kunnen duk wanda ya taɓa zama a gabansa da littafi, a matsayin mutumin da ya gurgunta 'yarsa. Ya ɗauki wannan kaya a unguwa da yardarsa. Amma bai ce in bari a ɗora masa shi a gaban ƙasa duka ba, yana kabari, da bakin yarinyar da ya goya.

Ba jarumta ce ta fito da ni ba, kada in yi wa kaina ado. Gajiya ce. Shekara goma sha bakwai ina riƙe da abu ɗaya, hannuna ya mutu.

Na dawo na zauna a ƙasa, ba a tabarma ba. Na ce, "Aje biron ga."

Ta ajiye.

"Babanki bai kori kowa ba. Shi ka buɗe musu ƙohwa. Sau uku sunka zo, sau uku yay yi musu iso."

"To mi ya hana?"

"Ni anka tambaya. Sunka ce ɗiya nawa ag gare ni. Nic ce guda."

Ba ta gane ba da farko. Na ga tana lissafi a fuskarta, ta dubi ɗakin Gazali da ke rufe, ta dawo da ido kaina. Ita da ke shiga gidaje ɗari a wata, ta san al'adar sarai, sai dai ba ta taɓa kawo ta nan ba.

"Guda," ta ce.

"I."

"Ni ina ina?"

Na gaya mata. Barci, da makarantar allo, da bayan madafa. Ban rage komai ba, har waƙar da take yi wa 'yar tsana, har cewa ran nan ba idon kowa a kaina. Na gaya mata abin da ubanta ya faɗa a zaure da abin da aka rubuta. Ina magana ina kallon ƙarfen ƙafarta, don shi na fi iya kallo.

Ana ta kiran sallar la'asar daga masallatai, wannan na ƙarewa wancan na farawa. Da ta buɗe baki, ba zancen ƙafar ta yi ba.

"Kina tsaye ran da yac ce in yahe mishi."

"Ina tsaye."

"Kuma kin bari yat tahi hakanan."

Ta mayar da takardar jaka, ta sauke ƙafar daga turmi da hannu biyu, ta dogara sanda ta miƙe. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, ni da na so ta zage ni. Na bi ta har zaure. A matakala na miƙa hannu zan kama gwiwar hannunta kamar kullum, ta ce, "Bari, Adda." Ta sauka ita kaɗai, a hankali, taɓo yana kama bakin zanenta.

Ran Litinin da hantsi na ɗauko rediyon Malam na ajiye a kan turmi. Aka yi ta surutun manya, likita ya yi nasa, wani mai unguwa ya yi nasa, kowa yana yabon kansa. Sannan mai shirin ya ce ga Malama Hindu Sodangi. Muryarta ta fito a dishe.

Ta ce shekara uku tana shiga gidajen mutane tana cewa ubanta ya ƙi rigakafi, kuma ba gaskiya ba ne. Ta ce ubanta yana cikin malaman farko da suka buɗe ƙofa a unguwarsu, lokacin da buɗewar ke jawo wa mutum baƙin jini. Ta ce ta zalunce shi yana raye, ta zalunce shi yana kabari, duk wanda ya taɓa jin waccan magana daga bakinta ya shaida ta janye, ya kuma sa Malam a addu'a. Sai ta yi shiru har na zaci batir ne ya mutu.

Mai shirin ya ce to yaya aka yi ta rasa ɗigon.

"Wurin ƙirga anka tsallake ni," ta ce.

"Wa yat tsallake ki?"

"Wanga ba na rediyo ba na."

Aka sa kiɗa. Na zauna ina kallon rediyon. Ta wanke ubanta tas, ni kuma ta rufa mini asiri, irin rufin da shi ya yi mini. Wallahi da ta kira sunana a gaban duniya da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka ran nan irin wanda ban yi ba ran da aka fitar da Malam, ba mai ba ni haƙuri, ba kuma wanda zan ji wa kunya.

Juma'a ta zo. Na tuƙa tuwo na mutum biyu, na fito da kujerar roba na goge. Kekuna suka yi ta tsayawa a bakin lungu suna sauke masu ziyara. Da magariba ta gabato na kai wa maƙwabta tuwon, na ce na yi kuskuren awo. Juma'a ta biyu na kira wayarta, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Mijinta Abdulshakur ya kira ni daga baya, yaro mai ladabi, ya ce lafiyarta lau, aiki ne ya yi mata yawa. Na ce Allah ya taimaka. Mu duka biyun mun san ba aiki ba ne.

Na yi tunanin in hau keke in tafi Arkilla. Sau biyu ina sa mayafi ina cirewa. Uwa ba ta zuwa gidan 'yar fari haka kawai, in ji wata murya a kaina, muryar da ta riga ta cinye mini ƙafar yarinya ɗaya da mutuncin miji ɗaya, amma har yanzu ba ta ƙoshi ba. Gaskiyar kuwa ita ce tsoro nake ji ta buɗe ƙofa ta gaishe ni irin gaisuwar da ta yi wa ubanta.

Damina ta janye, aka fara yankan gero. Wata Asabar da safe ina wanke-wanke na ji sallamar mata. Su biyu ne, da akwatin ƙanƙara da takarda, sun rufe hanci da baki da ƙyalle. Babbar, wata mai jiki da ta ce sunanta Shamsiyya, ta leƙa tsakar gida ta ga ba ko takalmin yaro.

"Hajiya, akwai ƙanana ga gidan ga? Jikoki, ko na riƙo?"

"Babu. Ni ɗai ta."

"Har da ɗan hwari? Ko wanda ba a son hwaɗin sunanai?" Ta yi 'yar dariya. "Ki yi haƙuri, hakanan anka ce mu riƙa tambaya yanzu. Kuma mu leƙa bayan madahwa."

Na tsame hannuna daga ruwa. "Wa yac ce ku yi hakanan?"

"Wata malamarmu ta, mai sanda. Malama Hindu. Tun watan jiya ta matsa muna, kowane taro sai ta maimaita. Cikin sati biyu mun samu yara sha ɗaya da uwayensu ba su ƙirga ba."

"Lahiyarta lau?"

"Lau. Ta rame dai kaɗan. Kin san ta, Hajiya?"

Ɗayar ta riga ta juya ta nufi zaure, rana tana yi, gidaje na jiransu. Na goge hannu a zane.

"Ɗiyata ta," na ce. "Hindu. Ita ta ta hwari. Biyu ag gare ni."

"Allah sarki, ashe mamanta ta. Allah shi raya." Shamsiyya ta duƙa tana cika takardarta.

"In kin gane ta, ki hwaɗa mata hakanan, yadda nic ce. Kada ki rage komi."

Ta ce to, ba ta ɗago ba, tana ta rubutu tana tafiya. Na bi ta har matakalar zaure na sake cewa kada ta manta. Ta riga ta yi sallama a gidan gaba, ban san ko ta ji ni ba.